Bangon da Sukwaya Ya Lanƙwasa

Duk wanda ya taɓa bin layin masu sana'ar hannu da ke bayan tashar mota ya san shagon Sukwaya, na uku daga kwana, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin kujerun mota. Gine-gine yake yi, amma irin waɗanda ake ɗorawa a kan tebur a zagaya su. Masu zanen gini su kawo masa takarda, shi kuma ya fitar musu da ginin ɗan ƙarami da fallen roba, da tagoginsa da matattakalarsa, har da 'yan mutane kamar ƙwayar wake a tsaye a bakin ƙofa, don mai gini ya ga abinsa tun ba a haƙa tushe ba.

Sunan kuwa daga ƙarfen nan na kafintoci ya samo shi, wanda ake auna kusurwa da shi. A aljihun gaban rigarsa yake kwana yake tashi. Matarsa takan ce ko tabarma ta shimfiɗa a karkace, sai ya gyara ta da ƙafa kafin ya zauna, yana yi yana tsaki. Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. In ya haɗa bango biyu, ko gashin kai ba zai shiga tsakaninsu ba. Sai dai ba wannan ne ya fitar da sunansa ba. Abin da ya sa masu zane suke tsallake shaguna su zo wurinsa shi ne lanƙwasa: bango mai zagaye, rufi mai kumburi, matattakala mai murɗewa kamar dodon koɗi. Roba in za a lanƙwasa ta sai an ɗumama ta, kuma ba ta da mutunci ko kaɗan. In zafi ya yi kaɗan ta tsage, in ya yi yawa ta yi ƙuraje ta yamutse, in hannu ya yi rawa ta yi fari a gwiwar. Na shagon Sukwaya kuwa sumul suke fitowa kamar a haka aka halicce su.

To, ba shi yake yin su ba. Ƙanwarsa ce, Auta, a ɗakin baya.

Abin ya faro ne shekarar da Babansu ya rasu ya bar masa shagon. Baban kafinta ne, shi ya fara wannan sana'a da kwali da katako, ya koya wa ɗansa yanka da aune. Auta kuwa abinci take kawo musu, ta share ƙasa, ta zauna a kan akwati tana kallo. Aikin farko da ya zo bayan rasuwar samfurin tankin ruwa ne mai zagaye. Sukwaya ya ƙona falle uku, na huɗu ya fashe a hannunsa, ya yi jifa da shi ya fita shan iska. Ko da ya dawo washegari, sai ga tanki a tsaye a kan benci. Yarinya 'yar shekara sha tara ta ɗebo yashi mai laushi ta tankaɗe, ta zuba a tsohon tiren ƙarfe, ta ɗora a wuta, ta binne robar a ciki har ta yi laushi. Da mai aikin ya zo ya shafa tankin, ya ce, "Kai, Sukwaya! Ashe ka fi Babanka hannu."

Auta tana tsaye da tsintsiya. Sukwaya ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Na gode." Shi ke nan fa. Shekara ashirin da takwas ke nan ana kan wannan "na gode" ɗin.

Auta ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta aurar da babbar, ba ta bar ɗakin baya ba. Haƙƙinta bai taɓa ci ba, wannan a yi masa adalci. Abin da ya riƙe shi ne yabon, ita kuma ba ta taɓa nema ba. In baƙo ya shigo ta gaishe shi ta ja labule. Mai agogo ne kaɗai ya san dawan garin, don bangonsu ɗaya, yana jin komai. In ya ga mai zane ya fita yana ta zuba godiya, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Sukwaya ya ce masa ya ji da matattun agogunansa.

Wai kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai san Sukwaya ba. Mutumin nan yana son ƙanwarsa, in ta yi zazzaɓi shi ne na farko a ƙofar gidanta, amma hannun nan nata ya tsaya masa a wuya kamar ƙashin kifi. Ciki ɗaya suka fito, shi ne babba, shi Baba ya zaunar ya koya wa, ita shara kawai take yi, to ta ina abin ya tsallake shi ya faɗa kanta? Tambayarta kuwa ba zai iya ba. Yaya guda ya durƙusa wa autar gida ya ce koya mini? Sai ya kafa wani ɗan guntun madubi a jikin kantar kayan shago, wai don duba gemu, alhali daga bencinsa ta cikinsa yake hango ɗakin baya ta gefen labule.

Ta nan ya haddace komai. Ya san yadda take juya yashin da cokalin katako, yadda take kai bayan hannunta kusa da shi ta ɗan tsaya, yadda take binne fallen. Ya san lokacin da take zaro shi yana lilo kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, ta kwantar da shi a kan katakon da aka sassaƙa da siffar bangon, wanda a shagon suke kira sirdi. Shi ne ma yake sassaƙa mata sirdin. Sai ta bi robar da tafin hannu sau ɗaya, shuu, robar ta kwanta luf. Daidai nan wani abu yake taso masa daga ciki ya tokare masa ƙirji. Ba ya iya ci gaba da kallo. Sai ya ture kujera ya fita wurin mai agogo, ya zauna yana kushe gwamnati da tsadar gam har zuciyarsa ta sauka. Kullum haka, bai taɓa fashi ba. In ya dawo ya tarar ta rufe tiren da tsohon bargon Baba ta wanke hannu. Da safe kuma kafin ya iso ta riga ta buɗe shago, bango yana jiransa a kan benci.

Ya sha gwadawa a ɓoye ranakun da ba ta zo ba. Gutsattsarin yakan cusa su can ƙasan kwandon shara, ya rufe da takarda, kamar ba ita take zubar da sharar ba.

Cikin masu kawo musu aiki akwai wani dattijo da suke kira Mai Zane kawai, don shi ne babba a cikinsu, kuma ya fi shekara ashirin yana zuwa. A wannan shekarar ya kawo zanen ɗakin karatu na jama'a. Gabansa duk kusurwoyi ne, tagogi tamanin da shida, amma zuciyar ginin wani dogon bango ne da ya naɗe ya zagaye zauren karatu. Sati uku Sukwaya ya yi a kan tagogin nan, yana yanka da reza har idonsa ya riƙa ruwa. Auta ta yi bangonta a kwana biyu.

Da Mai Zane ya zo duba aiki, ko kallon tagogin bai yi ba. Kai tsaye ya nufi bangon, ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, ya girgiza kai.

Sukwaya ya ce, "Yallaɓai, ka ga tagogin kuwa? Tamanin da shida, babu wadda ta fi wata."

Mai Zane ya ce, "Bar batun taga, Sukwaya. Kusurwa ai kowane kafinta ya iya. Wannan bangon shi yake kawo ni wurinka. Ranar da hannun nan naka ya daina, ni ma na daina zana zagaye."

Yabo ne fa, kuma shi aka yi wa. Amma da marinsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Abin da yake nasa an ce kowa ya iya, abin da ake zuwa dominsa kuma na mai shara ne. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Matarsa ta tambaye shi ko ciwon ciki ne, ya ce mata ciwon kai ne, ta ce to kan nasa a ciki yake, tunda cikin yake ta dafewa.

Ana haka babbar 'yar Auta ta haihu a wani gari, Auta ta shirya tafiyar kwana huɗu. Kafin ta tafi ta manna bangon a mazauninsa, ta ce, "Yaya, saura rufi kawai. Ka bar gam ɗin ya sha iska kafin ka ɗora." Ya ce ya ji, sai ka ce yau ya fara.

Motarta ba ta gama fita tasha ba ya kunna wuta a ƙarƙashin tire. Ya sa bakin reza ya ɓamɓare bangonta a hankali, ya naɗe shi a jarida ya tura ƙarƙashin benci. So yake sau ɗaya a rayuwarsa yatsan Mai Zane ya bi abin da hannunsa ya yi. Falle na farko ya yi ƙuraje. Na biyu ya tsage. Na uku ya ƙona masa babban yatsa, ya saki ashar ɗin da sai da mai agogo ya buga bango ya ce lafiya dai? Rana ta biyu, wajen la'asar, falle na biyar ya fito yana lilo daidai yadda nata yake yi. Ya kwantar da shi a kan sirdi, ya bi shi da tafin hannu, robar ta kwanta luf.

Wayyo daɗi! Dattijo mai furfura ya tsaya shi kaɗai a ɗakin baya yana dariya kamar yaro. Daga nan kuma iliminsa ya ƙare, don iya nan ya taɓa kallo. Sai ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Abu mai zafi ai sanyi yake so ya daskare, don haka ya ɗauki sirdin da robar ya tsoma su a bokitin ruwa. Ta ƙame nan take, sumul, babu fari babu tabo. Ya jera ta da ta Auta, ya duba ta sama ya duba ta ƙasa, bai ga bambanci ba. Ya manna, ya ɗora rufi, ya jera 'yan mutanensa, washegari ya kai wa Mai Zane. Aka ajiye samfurin a zauren ofis, cikin akwatin gilashi kusa da babbar taga. Mai Zane ya sa yatsa ya bi bangon ya ce, "Ka gani ko? Hannun nan ba ya tsufa." Sukwaya ya dawo shago da ƙafa, bai ma ji nisan hanyar ba.

Auta ta dawo, ya ce mata an kai aiki an yaba. Ta ce madalla. Ta shiga ɗakin baya, ta tsaya ta dubi yashinta, ta dubi bokiti, ta ɗauki tsintsiya.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, waya ta yi ƙara. Mai Zane ne, kuma ko gaisuwa babu. "Ka zo yanzu ka ga abin da ka yi mini. Jibi masu ginin za su zo." Auta ta ji daga bayan labule, ta ɗauki mayafinta da jakar kayan aiki ta bi bayan Sukwaya. Bai ce ta zo ba, bai ce ta zauna ba.

Rana ce ta yi aikinta. Kullum da safe takan shigo ta tagar nan ta zauna a kan akwatin gilashin, cikinsa ya ɗauki ɗumi, robar kuwa ta fara neman komawa miƙe yadda take tun asali. Bangon ya buɗe baki, ya ɓalle daga gam, ya ture ginshiƙai biyu. Rufin ya rufta cikin zauren karatu, 'yan mutanen duk sun zube, wani ma ƙafarsa ce kaɗai ta leƙo. Tagogi tamanin da shida suna nan daram, amma wa yake ta tasu?

Mai Zane ya ce, "Shekara ashirin da ɗoriya, akwai aikinka a wannan zauren da rana ta daka har launinsa ya koɗe, ko gezau bai yi ba. Yau me ya faru? In hannun ya gaji ne ka gaya mini gaskiya, in nemi wani."

Sukwaya ya dubi bangon. Sunan da ya rayu a kansa ne yake shirin zubewa a gaban ma'aikatan ofis, waɗanda suka bar teburansu suka taru suna kallo. Auta ta sunkuya ta dubi bangon ta cikin gilashi, kallo ɗaya, sannan ta miƙe ta gyara mayafi.

Ta ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, laifina ne. Ni na matsa wa Yaya ya bar ni in gwada hannuna a wannan. Ban iya ba, na yi gaggawa. Shi zai gyara maka kafin jibi."

Mai Zane ya saki ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. "Haba, ni fa in ce! Kai ma dai, Sukwaya, aiki irin wannan ake ba wa ɗan koyo? Ki yi haƙuri, baiwar Allah, ba kowane hannu ba ne."

An buɗe wa Sukwaya ƙofar tsira, fita kawai zai yi. Shiru ɗaya ake nema, irin wanda ya saba. Kuma kada a ce tausayi ne ya fara kama shi, don ba shi ba ne. Haushi ne, kishin nan dai nasa na kullum. Duk bangon kirki da ya fita daga shagon nata ne. Guda ɗaya tak ya yi da hannunsa, ya ƙone a kansa, ya yi dariya a kansa, yanzu shi ma za ta ɗauke? Ga iya aiki ta fi shi, ga girman zuciya kuma za ta fi shi a gaban mutane, ta bar shi da me? Sai bayan haka ya dubi fuskarta, ya ga yadda ta sunkuyar da kai ana ce mata 'yar koyo, mace mai jika, mai ƙuna a duk yatsunta. Nan kunya ta zo ta same shi a tsaye.

Ya ce, "Ƙarya take yi, Yallaɓai."

Auta ta ce, "Yaya."

"Yi shiru, Auta. Wannan bangon nawa ne. Ni na yi shi, kuma shi kaɗai na taɓa yi." Ya nuna sauran samfuran da ke jere a zauren, asibiti mai zagayen baranda, wani masauki mai rufi kamar kifaffiyar ƙwarya. "Wancan nata ne. Wancan ma nata ne. Tun daga tankin ruwa. Ni kusurwa na iya, wadda ka ce kowane kafinta ya iya."

Mai Zane ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi Sukwaya ya daɗe. Bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi. Juyawa kawai ya yi ya fuskanci Auta, yadda ake fuskantar mai sana'a, ya ce, "Malama, za ki iya fitar da wani kafin jibi?"

Sukwaya ne ya amsa. "Nata yana ƙarƙashin bencina, cikin jarida."

Da yamma aka manna bangon Auta, ya zauna kamar bai taɓa tashi ba. Sukwaya ya ɗora rufi, ya tayar da 'yan mutanen ɗaya bayan ɗaya. Da za su tafi, Mai Zane ya karɓi lambar wayar Auta.

Washegari mai agogo ya leƙo zai yi tsiyarsa, ya ga fuskar maƙwabcinsa, ya mayar da kai. Sukwaya ya cire guntun madubin daga jikin kantar ya jefa a aljihun tebur. Ya ɗauki miƙaƙƙen bangonsa, ya ɗaga labule ya shiga ɗakin baya. Auta tana juya yashi.

Ya ce, "Duk yadda kike yi na yi. Zafin ɗaya, sirdin ɗaya. Me ya sa nawa ya buɗe?"

Ta ce, "A ruwa ka tsoma."

"To da a ina zan tsoma?"

Ta binne wani guntun falle, ta jira, ta zaro, ta kwantar a kan sirdi, ta bi shi da tafin hannu. Abin nan ya taso masa a ƙirji kamar kullum, ƙafarsa har ta juya za ta nufi ƙofa. Ta ce, "Tsaya mana, Yaya. Kullum a nan kake fita."

Ya tsaya. Ta ɗaure robar a jikin sirdin da tsumma, ta kashe wuta, ta mayar da su duka cikin yashin mai ɗumi, ta tura yashi ta rufe, sannan ta jawo bargon Baba ta lulluɓe tiren.

Ta ce, "Shi ke nan. Tare za su huce da yashin, a hankali, har gobe. In ka firgita ta da ruwan sanyi za ta yi maka biyayya a ido, ranar da ta ji ɗumi ta koma halinta."

Ya dubi bargon. Sau dubu nawa ya dawo daga wurin mai agogo ya gan shi a haka, yana zaton yashi take karewa daga ƙura?

"Kin san ina kallonki?"

"Madubin gemu? Yaya, ni nake goge maka shi duk safiya. Har tiren na matsar ya dawo saitinsa don ka gani da kyau."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ɗauka ranar da kake so za ka zauna har ƙarshe."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta duba, ta dube shi, ta ce Mai Zane ne. Ya ce ta ɗauka mana, ai ita ake nema. Ta fita gaban shago, wurin da shi yake tsayawa ya yi magana da masu zane, yana jin ta tana tambayar tsawon wani sabon bango da faɗinsa. Kishin yana nan, bai je ko'ina ba, yana cin sa a ƙirji. Ya jawo tsohon akwatin da take zama a kai tana yarinya, ya zauna a gaban tiren, ya ɗora bayan hannunsa a kan bargon. Da sauran ɗumi sosai.